Shaye-shaye Yana Da Magani: Abin Da Likita Ya Sani, Da Abin Da Ya Kamata Ki Tambaye Shi

 

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi abin da gidaje da yawa ke fama da shi a ɓoye. Akwai matar da ɗanta ya koma barci da rana, yawo da dare, kuɗin cefane kuma suna ɓacewa a ɗaki. Akwai wadda maigidanta ba ya iya fita nema sai ya haɗiyi ƙwaya. Akwai ma wadda ita da kanta ce ke ɓoye kwalbar maganin tari a bayan kwanuka. An yi nasiha, an yi faɗa, an yi addu'a. Ranar da aka ce a tafi asibiti, sai a tafi da tunanin duk wanda ya sa farar riga ya san abin yi. Wani lokaci a dace. Wani lokaci kuma a dawo gida bayan an yi ƙarin ruwa leda biyu, an rubuto maganin barci, an ce da yaro ya ji tsoron Allah ya daina. Kafin sati ya zagayo an koma gidan jiya.

To, 'yar'uwa, abu uku za mu duba. Wane magani ilimin likitanci ya tanada don wannan lalura? Shin kowane likita ne ya san shi? Ke kuma da kika raka mara lafiya, me ya kamata ki faɗa, me ya kamata ki tambaya?

GIRMAN MATSALAR

Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, sun gudanar da bincike a faɗin Nijeriya, aka fitar da sakamakonsa a farkon 2019. Binciken ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabace shi, ban da giya da taba sigari. Miliyan 10.6 tabar wiwi suke sha, miliyan 4.6 magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol, miliyan 2.4 kuma maganin tari. A duk mutum huɗu masu sha, ɗaya mace ce. A duk mutum biyar kuma, ɗaya abin ya riga ya zame masa cuta.

Da yawa daga cikinmu sun tuna rahoton binciken da BBC ta fitar a 2018 a kan maganin tari mai kodin, wanda bayansa gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a watan Mayu na shekarar. Hanin ya taimaka, amma wanda jikinsa ya riga ya saba, rufe masa ƙofa ɗaya ba ya warkar da shi. Sau da yawa wata ƙwayar yake komawa.

ZUNUBI NE KO CUTA?

Wannan tambaya tana hana mata da yawa neman magani, don haka bari mu warware ta. Haramcin giya da duk abin da ke gusar da hankali abu ne tabbatacce, babu jayayya a kansa. Amma mutum yana iya aikata laifi, laifin ya haifar masa da cuta, cutar kuma ta buƙaci magani. Direban da ya yi gudun ganganci ya karye, ai ba a barinsa a titi don shi ya jawo. Ɗori ake masa, sannan a yi maganar laifinsa.

Ki lura da yadda haramcin giya ya sauka mataki-mataki: aya ta 219 a Suratul Baƙara, sai aya ta 43 a Suratun Nisa'i, sannan hani na ƙarshe a aya ta 90 da 91 a Suratul Ma'ida. Hukunci ya riga ya cika, babu mai komawa matakin farko yau. Darasin da ke ciki shi ne Mahaliccinmu Ya san yadda sabo ke kama ɗan Adam. Haka nan Imamul Bukhari ya ruwaito labarin wani mutum da aka yi ta kawo shi gaban Manzon Allah (SAW) saboda shan giya, har wani ya tsine masa, sai Manzon Allah ya hana tsinuwar, ya kuma shaide shi da son Allah da ManzonSa. An tsayar masa da hukunci, amma ba a yar da shi ba. Hausawa ma cewa suka yi hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ta fuskar likitanci kuwa, ga abin da ke faruwa. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani sinadari da ake kira dofamin, wanda ke sa mutum ya ji daɗin abu ya so maimaita shi, kamar cin abinci bayan yunwa. Kayan maye suna tunzura wannan sinadari fiye da ƙima. Idan abin ya daɗe, ƙwaƙwalwa sai ta rage jin daɗin komai don ta daidaita kanta. Daga nan ƙwaya ɗaya ba ta isa, sai biyu, sai biyar. Can gaba mutum ba don daɗi yake sha ba kuma, don ya kauce wa azabar da jiki ke shiga ne idan aka yanke masa. Shi ya sa za ki ga yaro ya rantse yana kuka cewa ya daina, kuma har zuciyarsa da gaske yake, amma washegari ya koma. Tun 1956 ƙungiyar likitocin Amurka ta amince cewa jarabar shan giya cuta ce da ya kamata asibitoci su karɓi masu ita.

SHIN KOWANE LIKITA YA SAN MAGANINTA?

Amsa a taƙaice: a'a. Kuma wannan ba zagin likitoci ba ne, su da kansu sun daɗe suna kuka da shi.

A shekarar 2000 wata cibiyar bincike da ke Jami'ar Kolumbiya a Amurka ta gwada ɗaruruwan likitocin da ke duba marasa lafiya na yau da kullum. Aka ba su bayanin wani mara lafiya mai alamomin farko na matsalar giya, aka ce kowa ya kawo cututtuka biyar da yake zato. Kashi 94 cikin ɗari ba su ambaci shaye-shaye ba ko kaɗan. Waɗanda suka ce suna jin sun shirya sosai wajen gane jarabar giya ba su wuce ɗaya cikin biyar ba. Wani bincike na baya-bayan nan ya nuna cewa a 2019, manya masu cutar shan giya a Amurka da suka samu maganin haɗiya na cutar ba su kai biyu cikin ɗari ba, alhali magungunan suna nan shekara da shekaru. Sai a 2016 ƙasar ta amince da likitancin shaye-shaye a matsayin fanni na ƙwarewa mai zaman kansa, a 2023 kuma ta wajabta wa masu rubuta magunguna masu ƙarfi horon awa takwas a kan lura da masu wannan lalura. Kin ga idan haka ne a ƙasar da ke da wadatar likitoci, to sai mu yi wa namu uzuri, mu kuma buɗe ido.

Dalilan ba su da wuyar ganewa. Na farko, a makarantun koyon likitanci lokacin da ake ware wa wannan fanni kaɗan ne, yawanci a cikin 'yan makonnin da ɗalibi ke yi a sashen ƙwaƙwalwa. Na biyu, likita ma ɗan Adam ne da ya tashi a cikinmu, yana iya ɗauke da irin ƙyamar da muke yi wa ɗan ƙwaya, yana ganin ɓata lokaci ne. Na uku, layi. Likitan da mutum sittin ke jiransa a waje ba shi da minti talatin na zama da mutum ɗaya. Na huɗu kuma namu ne: muna ɓoyewa. Uwa za ta ce yaro ba ya barci, ba ya cin abinci, yana rama, amma ba za ta ce tiramadol yake sha ba. Sai likita ya bi zazzaɓin cizon sauro da taifot.

A Nijeriya, waɗanda suka fi samun horo a wannan fanni su ne likitocin ƙwaƙwalwa, tare da nas-nas na sashen da masana halayyar ɗan Adam. A 2022 ƙungiyarsu ta ce likitocin ƙwaƙwalwa da ke aiki a ƙasar kimanin 250 ne, ga al'umma sama da miliyan 200. Saboda irin wannan ƙaranci ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da wani shiri a 2008, ta fitar da littafin jagoransa a 2010, don koya wa likitoci da ma'aikatan ƙananan asibitoci yadda za su gane lalurorin ƙwaƙwalwa, ciki har da shaye-shaye, su fara magani, su kuma san lokacin da za su tura mutum gaba.

MATAKAN MAGANI

Mataki na farko shi ne tantancewa. Likitan da ya san aikin zai tambayi me ake sha, nawa, tun yaushe, yaushe aka sha na ƙarshe, me ke faruwa idan ba a sha ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da jerin tambayoyi goma na auna matsalar giya, da wani jerin na sauran kayan maye. Zai duba hanta, ya auna jini, ya nemi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta idan ana tsira allura. Zai kuma binciki ko akwai ciwon damuwa, ko fargaba, ko wani ciwon jiki a ƙarƙashi, domin mutane da yawa daga neman sauƙin wani ciwo suka fara. Misali, wasu masu ciwon sikila daga allurar fentazosin da ake musu don zafin ciwo abin ya kama su.

Mataki na biyu shi ne raba jiki da abin cikin aminci. A nan ki natsu sosai, 'yar'uwa, domin kowane abu da irin hatsarinsa.

Mai shan giya da yawa kullum, idan ya yanke lokaci guda, cikin awa 6 zuwa 24 zai fara rawar hannu da gumi da amai. Wasu sukan yi jijjiga kamar farfaɗiya a kwana biyun farko. A rana ta biyu zuwa ta huɗu wasu sukan ruɗe, su riƙa gane-gane, zuciya na bugawa da sauri, kuma wannan yana kisa idan ba a kula ba. A asibiti ana ba da magani irin su dayazefam na 'yan kwanaki ana ragewa, tare da sinadarin bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa.

Mai shan ƙwayoyin sa barci irin su Valium da Rohypnol, shi ma yankewa farat ɗaya tana iya jawo jijjiga. Ragewa ake yi sannu a hankali, wani lokaci tsawon makonni ko watanni, a hannun likita.

Mai shan kodin ko tiramadol ko hodar iblis ta heroyin, idan ya daina zai yi hamma da majina da hawaye, ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci. Azabar tana da tsanani, tana ɗaukar kamar mako guda ko fiye, kuma akwai magungunan da ke sassauta ta. Babban hatsarin yana zuwa ne bayan an gama: jiki ya manta sabon da ya yi, idan mutum ya koma ya sha adadin da ya saba a da, numfashinsa yana iya tsayawa.

Abin da muke kira wankin jini, wato a kwantar da mutum a yi masa ƙarin ruwa, yana taimaka wa wanda amai da zawo suka ƙarar wa ruwan jiki. Amma hanta da ƙoda da kansu suke fitar da ƙwayar cikin kwanaki. Jarabar a ƙwaƙwalwa take, ruwan leda ba ya kai wa gare ta. Duk wanda ya ce miki an wanke shi an gama, to farkon tafiyar kawai ya nuna miki.

Mataki na uku shi ne magungunan hana komawa, kuma nan ne ilimin likitoci da yawa ke tsayawa. Ga giya akwai uku da aka fi sani. Disalfiram, wanda aka amince da shi a Amurka tun 1951, yana sa mutum ya ji jiri da amai da bugun zuciya idan ya sha giya a kansa. Naltireson, wanda aka amince da shi don giya a 1994, yana rage daɗin da ake ji da kuma sha'awar. Akamfiroset yana taimaka wa wanda ya riga ya daina ya ɗore. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naltireson da akamfiroset cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Gargaɗi a nan: kada ki kuskura ki nemo disalfiram ki zuba wa maigida a abinci a ɓoye. Idan ya sha giya bai sani ba, abin yana iya taɓa zuciyarsa har ya halaka.

Ga dangin kodin da heroyin akwai metadon da bufirenofin. Wasu likitoci biyu a birnin Niyok, Dole da Nyswander, su suka wallafa sakamakon amfani da metadon a 1965. Waɗannan magunguna suna zama a gurbin da ƙwayar ke zama a ƙwaƙwalwa, su kwantar da azaba da ƙishirwar abin, ba tare da mutum ya bugu ba idan an ba shi adadin da ya dace, har ya iya sallarsa da sana'arsa. Bincike da yawa ya nuna suna rage mace-mace da kusan rabi a tsakanin waɗanda ke kan magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin muhimman magunguna a 2005. Ƙasashen Musulmi irin su Iran da Malesiya sun daɗe suna amfani da metadon, a Afirka kuma Tanzaniya ta buɗe asibitinsa a Darussalam a 2011, Senegal ta buɗe cibiyarta a Dakar a 2014. A wajenmu ba kowane asibiti ke da su ba, kuma ba kowane mai shan kodin ke buƙatarsu ba. Ƙwararren likita ne zai tantance. Shi ma naltireson ana amfani da shi a nan, amma sai bayan mutum ya yi kamar kwana 7 zuwa 10 bai sha ba, in ba haka ba zai jefa shi cikin azaba nan take.

Tabar wiwi, sholisho da ƙanƙarar nan mai hana barci, har yanzu ba a samu maganin haɗiya da aka amince yana warkar da jarabarsu ba. Likita zai yi maganin abin da suka haifar, kamar rashin barci ko taɓin hankali, sauran aikin kuma na mataki na huɗu ne.

Mataki na huɗu shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam. Kada ki raina shi ki ce ai surutu ne kawai. A nan ake taimaka wa mutum ya gano da kansa dalilin da zai sa ya daina, ya san abubuwan da ke tayar masa da sha'awar, ko majalisar abokai ce, ko kuɗi a aljihu, ko faɗa a gida, ya kuma koyi abin da zai yi idan ta taso. Ana haɗawa da iyali, domin gidan da mutum zai koma yana cikin maganinsa. Masana sun lura cewa maganin da bai kai wata uku ba, amfaninsa kaɗan ne.

MATSALAR MATA TA DABAN CE

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya nuna cewa a duniya, mutum ɗaya ne cikin 11 masu cutar shaye-shaye ke samun magani. A maza ɗaya cikin 7 ne, a mata kuwa ɗaya cikin 18. Mun san dalili. Namiji idan ya sha, a ce ya lalace Allah Ya shirye shi. Mace kuwa aurenta ne a kan siraɗi, da 'ya'yanta, da sunan gidansu. Sai ta yi shiru har abin ya ci ƙarfinta.

Idan ke ce, 'yar'uwa, ko ƙanwarki, ko abokiyar zamanki, ki sani dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan asibiti riƙe sirrin mara lafiya. Kina iya neman likita mace, kina iya cewa a ba ki wuri ki yi magana ke kaɗai. Mai juna biyu kuma kada ta yanke kodin ko tiramadol da kanta lokaci guda, domin azabar da jikinta zai shiga tana iya jawo ɓari ko haihuwa kafin lokaci. Ta faɗa a wajen awon ciki tun da wuri, don a tsara mata yadda za a yi, a kuma shirya lura da jaririn idan ya zo. Mai shayarwa ma ta sani waɗannan ƙwayoyi suna bi ta nono, suna iya sa jariri barcin da ya wuce ƙima da wahalar numfashi. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Idan wata ta buɗe miki cikinta, ki raka ta asibiti, kada ki kai labarinta gidan biki.

INA ZA A NUFA, INA ZA A GUJE WA?

Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri da na Dawanau a Kano suna karɓar masu wannan lalura, haka ma sashen ƙwaƙwalwa na asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ban da kame tana da sashen ba da shawara da gyaran hali. Zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba ya nufin ɗanki mahaukaci ne. Wurin da masu ilimin abin suke ke nan.

Ki guji mai kemis da zai haɗa miki ƙwayoyi a leda ya ce na cire sha'awa ne. Sau da yawa maganin barci ne, sai a fita daga wata jaraba a faɗa wata. Ki guji kuma duk gidan da ake ɗaure mutane da mari ana dukansu da sunan gyara. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fito da mutane sama da 300 daga wani gida irin wannan a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, sannan aka gano wasu gidajen a Katsina da wasu jihohi. Iyayen da suka kai 'ya'yansu can ba mugunta ce ta kai su ba, rashin sanin wata hanya ce. Ki tuna abin da muka faɗa a sama: kulle mai shan giya ko ƙwayar barci a ɗaki ba tare da likita ba yana iya zama ajalinsa. A farkon 2023 an sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba masu irin wannan lalura haƙƙin a kula da su cikin mutunci.

Addu'a da karatun Alƙur'ani da zama da malaman kirki suna ƙarfafa zuciyar mai son tuba, kuma babu likitan kirki da zai hana su. A haɗa su da magani, kamar yadda muke yi idan hawan jini ne ko ciwon suga.

ABIN DA ZA KI FAƊA DA ABIN DA ZA KI TAMBAYA

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki tafi da kwalin ƙwayar ko kwalbar idan kin samu. Tiramadol da hukuma ta amince da shi mai lamba 50 ne da 100, amma na bayan fage yana kai 225 ko fiye, kuma yawansa yana jawo jijjiga, don haka lambar da ke jikin kwalin tana da amfani ga likita. Ki faɗi komai: tun yaushe, sau nawa a rana, ko ana haɗawa da wani abu, ko ya taɓa jijjiga, ko ya taɓa maganar kashe kansa. Sannan cikin ladabi ki yi waɗannan tambayoyi:

1. Likita, shin yankewa lokaci guda tana da hatsari gare shi, ko sai an kwantar da shi?

2. Bayan jikinsa ya rabu da abin, mene ne shiri na gaba?

3. Akwai maganin da ke rage sha'awar wannan abin da yake sha? Idan akwai, ina ake samunsa?

4. Maganin da ka rubuta, shi ma ana iya sabawa da shi? Kwana nawa zai sha, wa zai riƙe masa?

5. An duba ko akwai ciwon damuwa ko wata lalura tare da wannan?

6. Akwai wanda zai riƙa zama da shi, da mu iyalinsa? Yaushe za mu dawo?

7. Idan wannan ba fanninka ba ne, wa za ka tura mu wajensa?

Likitan kirki ba ya jin haushin tambaya ta bakwai. Wanda ya ce wannan ya fi ƙarfina, ga takarda ku je wuri kaza, ya yi miki babban taimako. Idan kuwa aka sallame ku da faɗa kawai, ba a yi maganar dawowa ba, to kada ki yanke ƙauna ki ce asibiti ma ya gaza. Ƙofar da ta dace ce ba ku kai ba tukuna. Matambayi ba ya ɓata.

IDAN ABIN GAGGAWA YA FARU

Idan kika tarar da shi ba ya farkawa ko an girgiza shi, numfashinsa ya yi ƙasa sosai ko yana wani irin minshari, leɓɓansa sun canza launi, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, to ƙwayar ta yi masa yawa. Kada a ɗura masa madara ko manja, domin yana iya shaƙewa su shiga huhunsa. Kada a bar shi a ce barci zai warware shi. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti mafi kusa, a faɗi abin da ya sha. Akwai allurar nalokson da ke karya ƙarfin dangin kodin cikin 'yan mintuna. Ƙarfinta yana ƙarewa cikin rabin awa zuwa awa ɗaya da rabi, don haka ko ya farka kada a yi gaggawar komawa gida.

IDAN YA KOMA FA?

Wannan shi ne abin da ke karya zuciyar uwa da matar aure. An kashe kuɗi, an yi wata uku lafiya, sai ga warin abin kuma. Wani nazari da aka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a shekarar 2000 ya nuna kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na masu karɓar magani sukan koma sha, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ciwonsu ke sake tashi. Mai hawan jini idan jininsa ya sake hawa, likita ake koma wa a gyara magani. To haka nan ma. A koma da wuri, tun kafin kwana ɗaya ya zama wata ɗaya.

Naki aikin a gida yana da girma. Ki riƙe maganin a hannunki idan likita ya ce haka. Ki daina biyan bashin da aka ci don ƙwaya, ki daina yi masa ƙarya a wajen mahaifinsa ko wajen aiki, domin rufin asirin da ke ba shi damar ci gaba cutarwa ce. Ki yaba masa idan ya yi kwana bakwai, ki bar gori da tone-tonen abin da ya wuce. A nema masa abin yi, ko sana'a ko komawa makaranta, don zaman banza shi ne babban abokin jaraba. Idan kuma abin ya kai ga duka ko barazana gare ki da yara, ki sanar da magabatanki nan take, haƙuri bai haɗa da zama a halaka ba. Ke ma ki kula da lafiyarki, ki samu wadda za ki riƙa faɗa wa damuwarki.

A taronku na unguwa ko ajin Islamiyya na matan aure, ku gwada gayyato likita ko nas daga sashen ƙwaƙwalwa ya yi muku bayani, ku rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da ku da ranakun da ake ganin likita. Wata a cikinku tana buƙatar wannan bayani yau, kunya ce kawai ta hana ta tambaya.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa likitocinmu ilimi da tausayi.